Wa Ya Koya Wa Ido Kyau?

 

Zancenmu na yau a kan kyau ne, kyan fuska da kyan jiki. In saurayi ya hangi budurwa a gidan biki ya ce wa abokinsa, "Kai, wance kyakkyawa ce," shin wa ya gaya masa? Da wannan ma'auni aka haife shi, kamar yadda aka haife shi da jin yunwa da ƙishirwa, ko kuwa garinsu da zamaninsa ne suka ɗora masa shi ba tare da ya sani ba? Masana sun fi shekara 150 suna ja-in-ja a kan wannan tambaya.

Kada wani ya ce wannan hirar gindin bishiya ce. A yau ɗin nan, a Kumasi da Yawunde da Jidda da Landan, akwai 'yan mata da ke shafa mai domin su ƙone baƙin fatarsu, akwai masu haɗiyar ƙwaya domin su yi ƙiba, akwai kuma masu ƙin abinci domin su rame. Ko wacce daga cikinsu ta yi imani cewa abin da ta ke nema shi ne kyau na ainihi, wanda ko wane ido a duniya ya yarda da shi. In da gaskiyarta, to, ba mu da abin cewa sai haƙuri. In kuwa abin da ta ke bi yayi ne kawai, lalle ya kamata wani ya gaya mata tun fatarta ba ta lalace ba.

Mu fara da masu cewa abin a jini ya ke. Su dogaronsu a kan abin da a ke kira juyin halitta ne, watau yadda kamannin wani jinsi ke sākewa sannu a hankali daga zuriya zuwa zuriya, domin masu wata siffa sun fi 'yan'uwansu barin baya. Ba muhawarar asalin ɗan Adam za mu yi yau ba. Ko wane makiyayi ya san in ya riƙa zaɓen bijimi mai dogon ƙaho yana barinsa cikin garke, jikokinsa za su gaji shanu masu dogayen ƙahoni. Abin da Baturen nan na Ingila, Charles Darwin, ya ƙara a kai cikin littafinsa na 1871 shi ne, a daji inda babu makiyayi, sau da yawa tamata ce ke yin zaɓen.

Ɗawisu ne ya kai shi ga wannan tunani. Wutsiyar ɗawisu kaya ce mai nauyi, tana hana shi tashi da sauri, tana kuma tona asirinsa ga maƙiyi. To, me ya sa ba ta ɓace ba? Darwin ya rubuta wa wani abokinsa a 1860 cewa ganin gashin wutsiyar nan kaɗai yana tayar masa da hankali, don ya rasa inda zai sa ta cikin lissafinsa. Amsar da ya samu daga baya ita ce, matan ɗawisu sun fi son namiji mai wutsiya ta ƙawa, shi ya fi samun 'ya'ya, 'ya'yansa maza su gaji wutsiyar, mata kuwa su gaji son ta.

An daɗe ba a gwada wannan magana ba, sai a 1982 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Malte Andersson, ya buga labarin abin da ya yi a tuddan Kenya. Akwai wani baƙin tsuntsu a can mai kama da zalaiɗu, jikinsa ƙarami, amma wutsiyar namijin ta kai kamu guda, watau rabin mita. Andersson ya kama maza 36. Waɗansu ya datse musu wutsiya ta koma kamar santimita 14. Abin da ya yanko ya liƙa wa waɗansu, tasu ta kai santimita 75, tsawon da babu tsuntsun da Allah ya ba irinsa a dajin. Sauran ya bar musu tsawonsu. Sa'an nan ya sake su, ya zauna yana ƙidaya sababbin sheƙunan da mata suka yi a yankin ko wane namiji. Masu wutsiyar aro su suka cinye. Ga shi kuwa babu wanda zai ce tsuntsuwar nan makaranta ta shiga, ko talla ta gani a majigi. Ita kam da son doguwar wutsiya aka ƙyanƙyashe ta.

To, mutum fa? Nan ma masu wannan ra'ayi ba hannu sake suka zo ba.

A 1878 Francis Galton, wanda kakansu ɗaya da Darwin, ya so ya gano ko akwai wata kama ta musamman da a ke gane mugu da ita. Ya tara hotunan fursunoni, ya ɗora su bisa juna a faranti guda na ɗaukar hoto, yana jiran fuskar mugunta ta fito. Sai ga fuskar wani kamilin mutum, wadda ta fi ta ko wane ɗaya daga cikinsu kyan gani. Dalili kuwa shi ne, karkataccen hancin wannan da faɗin bakin wancan duk sun narke cikin na jama'a. Bayan shekara 112, a 1990, waɗansu mata biyu masana a Amurka, Judith Langlois da Lori Roggman, suka maimaita aikin da kwamfuta. Suka haɗa fuskoki 2, da 4, da 8, da 16, har 32, suka ba mutane su auna. Haɗin fuska 16 da na 32 ya fi yawancin fuskokin da aka haɗa samun yabo. Ashe ido yana son tsaka-tsaki, fuskar da babu abin da ya yi fice a cikinta.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi daga bakin jarirai ta fito, ko da ya ke ba su iya magana ba. In ka nuna wa jariri hoto biyu gefe da gefe, ana iya auna wanda ya fi daɗewa yana kallo. A 1998 Alan Slater na jami'ar Exeter a Ingila ya yi haka da jariran da ba su cika mako guda a duniya ba, watau ko suna ba a raɗa musu ba a lissafinmu. Suka fi tsayar da ido a kan fuskokin da manya suka ce kyawawa ne. Jaririn kwana uku dai bai san yayi ba.

Sai kuma David Buss, wanda a 1989 ya buga sakamakon tambayar da aka yi wa mutum fiye da 10,000 cikin al'ummomi 37, har da Nijeriya da Zambiya, a kan abin da su ke nema ga abokin aure. Ko'ina maza sun fi son matar da suka girma, kuma kusan ko'ina sun fi mata damuwa da kyan jiki. Masu ra'ayin juyin halitta suka ce ai ga ta nan: ƙuruciya da sulɓin fata da hasken ido alamun lafiya da haihuwa ne, kakanninmu da suka so waɗannan alamu su suka bar zuriya. Abin da ba a cika ambata ba cikin binciken nan shi ne, maza da mata duka sun sa kirki da hankali a gaba da kyau.

Ni dai na yarda da rabin wannan magana. Ban san wata al'umma da ke yabon gyambo, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko ido mai kwantsa ba, kuma ba abin mamaki ba ne a ce gudun mai cuta a jininmu ya ke. Amma masu wannan ra'ayi su kan zarce gona da iri. Sun daɗe suna cewa fuskar da ɓarinta na dama ya yi daidai da na hagu shaida ce ta jiki mai ƙarfin yaƙi da cuta. Da aka gwada a 2014, a kan samari da 'yan mata fiye da 4,700 na yankin Bristol a Ingila waɗanda a ke da labarin lafiyarsu tun suna goye, ba a ga wata dangantaka tsakanin ciwace-ciwacen ƙuruciya da karkatar fuska ba. Ko ɗawisun ma bai tsira ba: waɗansu masana a Japan sun shekara bakwai suna lura da wani garke, suka ba da labari a 2008 cewa ba su ga matan sun fifita mai wutsiya mafi ado ba. Labarin da ya yi daɗin ji ba lalle ne ya zama gaskiya ba, ko da masani ne ya ba da shi.

Abin dariya kuma, Darwin kansa, uban tafiyar, bai yarda akwai ma'aunin kyau guda ɗaya ga dukan 'yan Adam ba. Ya tattara labaran matafiya daga ko wace nahiya, ya ga ko wace ƙabila kamanninta ta ke yabo. Cikin waɗanda ya kafa hujja da su har da Mungo Park, Baturen nan da ya halaka a kogin Kwara wajen Busa a 1806. A tafiyarsa ta farko, ƙarshen 1795, Park ya sauka a ƙasar Bundu, cikin gabashin Senegal ta yau, aka kai shi gaban matan sarki. Suka kewaye shi suna dariya. Suka ce ba yadda za a yi a haifi mutum da irin wannan fata, lalle tsoma shi aka riƙa yi cikin madara yana jariri, hancin nan kuma matsa shi aka riƙa yi kullum har ya yi tsini haka. A idonsu farar fata da dogon hanci naƙasa ce da aka jawo wa bawan Allah. Ku riƙe wannan labari, za mu bukace shi nan gaba.

In aka buɗe tarihin ado, abin sai ya ba mutum tsoro. A ƙasar Sin, kusan shekara dubu, a kan karya yatsun ƙafar yarinya tun tana 'yar shekara biyar ko shida, a naɗe su ƙarƙashin tafin da tsumma, don ƙafar ta tsaya kamar inci uku ko huɗu. Mawaƙa suka yi ta yabon wannan ƙafa, uwaye suka yi ta kuka suna ɗaurewa, domin mai babbar ƙafa ba ta samun mijin kirki. Gwamnati ta hana a 1912, amma sai bayan 1949 al'adar ta mutu sarai. Yau in ka nuna wa saurayin Sin hoton irin ƙafar nan, kau da kai zai yi. Jininsa kuwa jinin kakansa ne, babu abin da ya sāke cikin shekara ɗari. A Japan matan aure su kan rina haƙoransu baƙi ƙirin, har aka fara hana manyan gari yin haka a 1870.

Ba sai mun je nesa ba ma. Tsofaffi cikin masu sauraro za su tuna lokacin da mace ba ta cika ado ba sai ta ci goro ta goga fure haƙoranta sun yi ja. Yau jikarta farin haƙori ta ke nema. Tsagar fuska, wadda da ita a ke gane Bagobiri da Bakabe tun daga nesa, wadda kuma a ke yi wa yarinya ta kwalliya don a ƙara mata kyau, yanzu ta zama abin da dokar kare yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana. Wushirya kuwa, wadda samarinmu ke rasa barci a kanta, a Ingila da Amurka kuɗi masu yawa a ke biyan likitan haƙori ya toshe ta da waya. Ɗiyar Bahaushe da aka haifa a Manchester tana iya dawowa daga makaranta tana kuka a kan abin da ya sa ubanta ya auri uwarta.

Amma a nan ma a yi hattara. Ku dubi Gerewol, bikin da Fulani Woɗaɓe ke yi a Nijar da Cadi a ƙarshen damina. A can samari ne ke shafa jan ƙasa a fuska, su sa baƙi a leɓe, su jeru suna rawa, 'yan mata su zaɓa. Masu cewa kome al'ada ce su kan nuna wannan biki su ce ga shi an juya duniya. To, amma me samarin ke nunawa? Suna zare ido don a ga farinsa, suna yage baki don a ga hasken haƙori, suna ɗage don a ga tsawo, suna rawa sa'o'i cikin rana don a ga juriya. Waɗannan kuwa su ne alamun lafiyar nan da ɗaya ɓangaren ke magana a kai. Biki guda ya ba ko wane ɓangare hujja.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne wajen ƙiba da rama. A 1993 wani masani a Amurka, Devendra Singh, ya nuna wa maza zanen mata iri iri, ya ce ya gano sirri: namiji yana son macen da kewayen tsakiyar cikinta ya zama kashi bakwai cikin goma na kewayen ɗuwawunta, kuma wannan a jinin ɗan Adam ya ke. Jaridu suka ɗauka suka yaɗa. Bayan shekara biyar waɗansu masana biyu, Douglas Yu da Glenn Shepard, suka ɗauki zanen nan suka shiga da shi dajin Peru, wurin wata ƙabila mai suna Matsigenka, a wani ƙauye da baƙi ba su cika shiga ba. Mazan ƙauyen suka zaɓi masu jiki, masu kaurin ciki, mai siririn ƙugu kuwa suka ɗauke ta mara lafiya. Da aka kai zanen ƙauyukan da suka fi cuɗanya da mutanen birni, sai zaɓinsu ya karkata wajen na Amurkawa.

Mungo Park ya riga su gani. Ya ba da labarin yadda Larabawan hamada, a yankin da ke kan iyakar Mali da Muritaniya a yau, ke tilasta wa 'yan mata shan nonon raƙumi da cin tsaki kowace safiya, uwa na tsaye da sanda, don su yi ƙibar da za ta kai su gidan miji. Wata masaniya, Rebecca Popenoe, ta tarar da irin wannan ɗure wurin Larabawan Azawak na Nijar, ta rubuta littafi a kai a 2004. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Inda abinci ke wuya, ƙiba ita ce shaidar cewa gidanku da shanu, kuma ba ki aikin wahala. Inda abinci mai maiƙo ya fi kome araha, kamar Amurka ta yau, sai rama ta zama shaidar mai hali. Har ma an gwada a wata jami'a ta Ingila a 2006: aka tare ɗalibai maza a ƙofar ɗakin cin abinci, masu shiga da yunwa da masu fitowa a ƙoshe, aka nuna musu hotuna. Masu yunwa suka fi karkata ga mata masu ɗan jiki. Ma'aunin da kwanon abinci guda ke iya gusar da shi, da wuya a kira shi zanen dutse.

Ga wani bincike da ya shafe ku kai tsaye, ku da ke zaune a ƙasashen waje. A 2006 Martin Tovée da abokan aikinsa suka gwada mutum iri uku da Turawan Ingila. Zulu mazauna karkara a Afirka ta Kudu sun fi son mace mai jiki. Zulu da suka yi ƙaura zuwa Ingila, ba su fi shekara ɗaya da rabi a can ba, har zaɓinsu ya fara komawa wajen na masu masaukinsu. Baƙaƙen fata da aka haifa a Ingila kuwa ba su bambanta da Turawa ba. A tsibirin Fiji ma, inda a da in an ce ka rame to zagi ne, telebijin ya isa wani lardi a 1995. Wata likita, Anne Becker, ta tambayi 'yan matan makaranta a shekarar, ba ta sami ko ɗaya da ke sa kanta amai don ta rame ba. Da ta koma a 1998 ta sami kamar 11 cikin 100. 'Yan matan da ta tambaya ba su da yawa, sittin da 'yan kai ne ko wane zuwa, don haka kada a ɗora wa lissafin kayan da ya fi ƙarfinsa. Amma shekara uku kacal ke nan.

To, ina gaskiyar ta ke? A ganina wani ɗan ƙaramin gwaji da aka yi a Tanzaniya shi ya fi kusa da warware ƙullin, kuma ya cancanci mu tsaya a kansa.

Kusa da tafkin Eyasi akwai wata ƙabila, Hadza, ba su fi mutum dubu da 'yan kai ba, waɗansunsu har yanzu da farauta da cin zuma da tonon saiwa su ke rayuwa. A 2007 Coren Apicella da abokan aikinta biyu suka kai musu irin haɗaɗɗun hotunan nan na Galton. Ko wane zubi hoto biyu ne, ɗaya haɗin fuska 5, ɗaya haɗin fuska 20, watau na biyun ya fi zama tsaka-tsaki. Akwai na fuskokin Hadza, akwai na Turawa. Da aka nuna wa mutanen Hadza fuskokin 'yan'uwansu, suka zaɓi haɗin 20, daidai yadda masu ra'ayin juyin halitta suka yi zato. Da aka nuna musu na Turawa, sai zaɓin ya watse, ba su fifita ko wanne ba. Turawan da aka gwada kuwa, waɗanda suka saba ganin baƙar fata a titi da majigi, suka zaɓi haɗin 20 a duka biyun.

Ku lura da abin da wannan ke nufi. Son tsaka-tsaki yana nan ga kowa, da shi a ke haihuwarmu. Amma tsaka-tsakin su wa? Na fuskokin da idonka ya saba gani. Mutumin Hadza bai tara fuskokin Turawa a ƙwaƙwalwarsa ba, don haka ba shi da abin da zai auna su da shi. Matan sarkin Bundu da suka yi wa Mungo Park dariya, da wannan ma'auni suka auna shi, kuma ba su yi kuskure ba: a cikin dukan fuskokin da suka taɓa gani, tasa ce ta fi nisa da tsakiya.

Ni sai na ga abin ya yi kama da harshe. Ko wane yaro lafiyayye da baiwar koyon magana a ke haihuwarsa, ba wanda ya koya masa yadda a ke koyo. Amma ba a haihuwar kowa da Hausa a baki. In a zangon Kumasi ya tashi, ya ji Hausa da harshen Asante. In a Makka ne, ya ji Larabci. Wanda ya tambaye ka, "Shin magana halitta ce ko al'ada?" ai ka ga tambayar tasa ce ba ta zauna daidai ba. Haka ido ya ke. An ba shi ƙyamar alamun cuta, da son ƙuruciya, da dabarar auna fuska da sauran fuskoki. Sauran duk cikawa a ke yi, daga uwa, da unguwa, da wanda ke da mulki da dukiya a zamanin, da hoton da a ke nuna masa safe da yamma.

Har cikin gida ɗaya ma ba a cika idanu da abu ɗaya ba. A 2015 Laura Germine da abokan aikinta suka gwada tagwaye fiye da 700, biyu biyu, a Ostareliya, mafi yawansu irin masu kama ɗaya sak, waɗanda gadon jininsu ɗaya ne. Suka tarar mutum biyu su kan yi tarayya a kamar rabin hukuncinsu a kan kyan fuska, ɗaya rabin kuwa kowa da nasa. Kuma mafi yawan wannan bambanci ba daga jini ya fito ba, ba kuma daga tarbiyyar gida ba, daga abin da ko wane ɗaya ya gamu da shi ne shi kaɗai a rayuwarsa. Hassan na iya mutuwa a kan yarinyar da Husaini bai ga abin kallo a jikinta ba.

Yanzu sai mu koma kan man shafawar nan, don a nan ne kuskuren ke cin mutane.

Launin fata yana daga cikin abubuwan da masana suka fi fahimtar dalilinsu. Nina Jablonski da George Chaplin sun nuna a 2000 cewa in ka ɗauki taswirar ƙarfin hasken rana a duniya ka ɗora ta kan taswirar launin mutanen asali na ko wace ƙasa, sai su hau juna. Baƙin da ke cikin fata, wanda a ke kira melanin, garkuwa ce. Yana tare wani sashe na hasken rana wanda ido ba ya gani, mai ƙona fata, mai jawo ciwon daji, mai kuma lalata wani sinadari na jini da mai ciki ke bukata don ɗanta ya ginu daidai. Mutanen da suka zauna can arewa, inda rana ba ta da ƙarfi, fatarsu ta yi haske ne don ɗan hasken da ke akwai ya shiga ya haɗa musu bitamin D. Ko wace fata da ƙasar da aka yi ta dominta. In da juyin halitta zai yi magana a Kano ko Tamale ko Njamena, baƙar fata zai zaɓa.

Son farar fata kuwa tarihinsa a fili ya ke. Tun kafin zuwan Turawa, a Indiya da Sin da ƙasashen Larabawa, hasken fata na nuna wadda ba ta zuwa gona. Matan Turai ma sun yi ƙarni uku suna shafa farar dalma a fuska, tana cin fatarsu tana sa musu guba. Cinikin bayi da mulkin mallaka suka zo suka ƙara wa abin nauyi, har fari ya zama launin mai ba da umurni. Amma da talakan Turai ya bar gona ya shiga masana'anta ya yi fari fat, mai kuɗi kuma ya sami halin zuwa bakin teku hutu, sai abin ya juya. Tun daga wajen 1920 zuwa yau Baturiya ke kwanciya a rana, har ta biya kuɗi a gasa ta da fitila, don ta yi duhu. Ita tana gudun abin da 'yarmu ke saye, 'yarmu tana kashe abin da ita ke nema, ko waccensu kuwa kamar mai arzikin garinsu ta ke so ta yi.

Ga abin da ke cikin kwalabar. Waɗansu mayukan suna da zaiba, wadda ke ratsa fata ta taru a jiki ta lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kuma isa ga ɗan da ke ciki ko mai shan nono. Waɗansu suna da haidirokwinon, wanda ke hana fata yin melanin. In an daɗe ana shafa shi sai ya bar tabo baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi, wanda ya fi baƙin farko duhu, kuma da ƙyar ya ke fita. Waɗansu kuma maganin kumburi ne mai ƙarfi, irin wanda likita ke bayarwa na 'yan kwanaki. Shekara da shekaru ana shafa shi sai fata ta yi laushi kamar takarda, nankarwa ta fito, ƙuraje su samu ƙofa, rauni ya ƙi warkewa, wani lokaci har hawan jini da ciwon sukari su biyo baya. Danginsa ne a ke sayarwa a matsayin ƙwayar ƙiba, irin wadda a ke kira sha-ka-fashe, kuma abin da mai sha ke ɗauka ƙiba ce, rabinsa kumburi ne. Tarayyar Turai ta hana sa haidirokwinon cikin kayan kwalliya tun 2001, Kodebuwa ta hana mayukan bilicin a 2015, Gana ta hana masu haidirokwinon a 2016, kuma yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta ɗaure ƙasashen da suka sa hannu su kawar da kayan shafa masu zaiba. Duk da haka kwalaben suna nan a kasuwa, a ƙarƙashin tebur.

Doka ba ta kai ga ido, shi ya sa. Kuma laifin ba na 'yan mata ba ne su kaɗai. Saurayin da ke cewa shi sai fara, da uwar da ke tambayar launin amarya kafin ta tambayi halinta, da mai shirya fim da ba ya ba baƙa matsayin tauraruwa, su ne ke cika ma'aunin. Yarinyar da a da fuskokin unguwarsu kaɗai ta sani, yau tana ganin ɗaruruwan fuskoki kullum a wayar hannu, mafi yawansu na'ura ta goge su, ta ƙara musu haske, ta rage musu hanci. Idonta yana yin aikin da aka halicce shi dominsa, yana tara abin da ya gani yana fitar da tsaka-tsaki. Sa'an nan ta ɗauki madubi ta auna kanta da fuskar da babu mai ita a duniya, har ita mai hoton.